Gwangwalar Baba Cindo

Ranar Talata na kai shi, bai so ba.
Ya ce, "Mai ciwo ke neman likita."
Na ce rakiya zai yi mini, ni za a duba.
Allah ya yafe mini wannan ƙarya.

A ƙaramin asibitin unguwarmu, ƙarƙashin dalbejiya,
tsofaffin Garwa sun jeru a kan benci,
kowa da katinsa, kowa da tarinsa.
Asta-Jam ke kira, agogo a hannunta.
Ta ja layi da alli a kan siminti,
ta ajiye kujera guda marar hannu.

"Baba, bana ka taɓa faɗuwa?"
Ya ce, "Ni?"
Ya dube ta kamar ta zagi kakansa.
Shekara arba'in yana tsaye a gindin jirgi.
Binuwai ta cika ta batse, yana tsaye.
Dorina ta taso masa a hanyar Pitowa,
buhunan dawa suka zube ruwa,
mata na salati, shi yana tsaye.

Ni kuwa sai na sunkuyar da kai.
Ni na ji ƙarar buta da asuba,
ni na same shi a makewayi, zaune cikin santsi,
yana cewa, "Hutawa nake, koma ki kwanta."
Kwana tara ina shafa masa man kaɗanya a kwankwaso,
ba wanda ya tayar da zancen a cikinmu.

"Tashi daga kujera, kada ka dafa.
Je ka layin can, ka juyo, ka zauna."
Ya yunƙura, kujera ta riƙe shi.
Ya sake yunƙurawa, ta sake shi da ƙyar.
Ya tafi yana jan ƙafar hagu.
Wurin juyowa, duniya ta ɗan karkace,
hannunsa ya miƙe yana laluben iska,
yana neman abin da ya saba riƙewa.

"Yanzu ɗaga ƙafa ɗaya."
Zalɓe na yin haka har ya yi gyangyaɗi,
Baba ya sha ganinsa a bakin gaɓa.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Kafin huɗu, ƙafa ta nemi ƙasa.

Ba ta yi dariya ba, ba ta ce wayyo ba.
Ta auna jininsa a kwance, ta auna a tsaye,
ta haska idonsa, ta ga yanar da ke ciki,
ta juya silifas ɗinsa, dunduniyar ta cinye,
ta karɓe ƙwayar barcin da yake saya a tebur.
Sannan ta miƙo sandar ƙarfe mai roba a baki.
Ya ce, "Ba wa gajiyayye."
Ta ce, "Baba, ka taɓa shiga ruwa hannu wofi?"
Ya yi shiru har muka hau babur.

A gida na naɗe tabarmar da ta yage,
na kankare gansakuka da fasasshen kasko,
na rataye fitila a hanyar makewayi,
na ɗauke igiyar akuya daga bakin ƙofa.
Yana kallo, yana jan carbi, bai tanka ba.

Sai ran Jumma'a na ji kukan zarto.
Ya zaro gwangwalarsa daga saman rumfa,
wadda gumin tafinsa ya mayar baƙa,
ya yanke ta daidai ƙirjinsa.
Ya fita masallaci yana caka ta a gaba
kamar mai auna zurfin lungu.

Yanzu kullum bayan sallar asuba
yakan tsaya jikin bango, yatsa ɗaya a katanga,
ya ɗaga ƙafa, yana ƙirga ƙasa-ƙasa.
Nakan juya baya, ina hura wuta.
Jiya na ji ya kai bakwai,
ya yi gyaran murya,
ya tambaya ko kunun bai nuna ba.